Neman shawara: an bar mini kula da ƙatuwar kawar teku a Garwa

Mai tambaya, daga Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wani masaukin baƙi a nan Garwa, kuma ni ke kula da tankin gilashi na kifayen ado da ke falo. Ruwan gishiri ne irin na teku, lita 400, da duwatsun murjani a ciki, ya haura shekara da haɗawa. Makon jiya maigida ya dawo daga tafiya da wata kawar teku, takardarta an rubuta Tridacna maxima. Tsawonta kamar santimita 10, naman bakinta shuɗi da ɗigo-ɗigo ruwan zinare. Ranar da na saka ta ta baje naman nan gwanin sha'awa. Yanzu ko rabi ba ta fitarwa, kuma da safe nakan tarar ta kife gefe guda a kan yashi. Me take ci? A ina ya kamata in ajiye ta? Ma'aunin zafi yana nuna 29 da rana, ga shi yanzu muka shiga Maris. Gishirin da ake haɗa ruwan da shi ma ya kusa ƙarewa, ko na kasuwa zai yi? Maigida ya ce in ta mutu da ni zai yi magana.

Wani dattijo masunci, daga Kusiri:
Wa alaikumus salam. Ɗana, mu kawar da muka sani ta kogi ce, a maƙale da dutse cikin ruwa mai laka, ba ta son komai sai a ƙyale ta. Ka sa ta a inuwa, ka daina jagwalgwala ta. In ruwan ya yi tsami ka jefa ɗan gutsuren kanwa.

Mai sayar da kifin ado, daga Ngaundere:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganar a ƙyale ta gaskiya ce, amma inuwa da kanwa kam a yi haƙuri, wannan ba irin ta kogi ba ce.

Ɗan uwa, tambayarka ta farko ita ce mabuɗin sauran. Haske shi ne babban abincinta. A cikin naman nan mai launi akwai wasu ƙananan tsirrai dangin gansakuka, ido ba ya ganinsu, suna zaune a jikinta. Su ke karɓar haske su haɗa abinci su ba ta, ita kuma ta ba su mazauni da dattin jikinta a matsayin taki. Shi ya sa a inda take rayuwa, tekun Indiya da Fasifik da Bahar Maliya, a ruwa marar zurfi ake samunta, inda rana ke dukanta sosai. Maxima tana cikin masu tsananin son haske. In ka kai ta inuwa za ta yi ta ramewa a hankali, kana ganin kamar lafiya, sai wata rana ka tarar da ɓawo a wangale. Wadda ta kai santimita 10 ba ta buƙatar ka riƙa ɗura mata abinci, ga haske ga kashin kifayen da ke tankin. Kada ka kuskura ka tura mata abincin kifi a baki.

Kifewar da take yi kuwa, wurin ne bai yi mata ba. Maxima 'yar kan dutse ce, ba 'yar yashi ba. Ka nemo ɗan faffaɗan dutse mai ɗan lotsawa a tsakiya, ka zaunar da ita a kai, bakin yana kallon sama. A ƙasanta akwai wata kafa da take fitar da zare ta ɗaure kanta da dutse. Da zarar ta kama, shi ke nan, in za ka matsar da ita ka ɗauke ta tare da dutsen. Ka fizge ta, ka yaga mata ciki, kuma da wuya ta tashi. Ka fara ajiye ta a ƙasa-ƙasa, bayan kwana biyar ko mako ka ɗaga dutsen sama kaɗan, har ta saba da fitilarka. Kada famfo ya riƙa feso mata ruwa kai tsaye, in ka ga naman yana naɗewa saboda ƙarfin ruwa to ya yi yawa.

Ka yi wannan gwajin ka faɗa mana: gitta hannunka tsakaninta da fitila. Mai lafiya nan take take janye naman ta tsuke baki.

Wata 'yar uwa, daga Njamena:
Ni ba haske ne ya tsaya mini a rai ba, 29 ɗin nan ne. Ruwanta tsakanin 24 da 27 ake so. In ya haura 30 ya daɗe a haka, tsirran nan da ɗan uwa ya yi bayani sukan fice daga jikinta, naman ya koma fari fat, daga nan sai yunwa. Kai kuma kana Garwa, Afrilu na tafe, zafi ya kan wuce 40 a inuwa. Mu nan Njamena mun san abin da ake ciki. Ka gaya wa maigidanka tun yau, a gaban shaida ma in da hali, cewa ko dai na'urar sanyaya falon ta riƙa aiki dare da rana, ko ya sayo na'urar sanyaya ruwan tanki. Wanda ya iya sayen kawar ai ba zai gagara wannan ba.

Kafin nan, ka buɗe murfin tankin ka saita ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, tana rage digiri ɗaya ko biyu. Sai dai ruwa zai riƙa ƙafewa da sauri, kuma gishiri ba ya bin tururi, a tankin yake zama. Don haka cikon da za ka riƙa yi kullum da tataccen ruwa zalla za ka yi shi, ba da ruwan gishiri ba. Ka ja layi da alƙalami a jikin gilashin, ka riƙa cikawa zuwa nan safe da yamma. Ka kuma ajiye gorunan ruwa a firiza, a rufe ruf, ranar da abin ya ɓaci ka jefa ɗaya ta yi iyo a ciki. Ɗaya bayan ɗaya fa, saukar zafi farat ɗaya ma illa ce.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na gitta hannu, ta tsuke baki da sauri, alhamdu lillahi. Na ɗora ta kan dutse. Hajiya, matsalar ita ce ɗauke wuta, wani lokaci tun azahar har bayan isha, kuma ba a tayar da janareta sai in akwai baƙi da yawa. Na manta ban faɗa ba, akwai wani kifi mai ratsin shuɗi da rawaya, mai faɗin jiki, da nake gani yana zagaya ta.

Wani malamin kimiyya, daga Marwa:
Tsuke bakin alama ce mai kyau. Bari in ɗauki maganar gishiri tunda ba a amsa ba. Na kasuwa ba zai yi ba ko kaɗan. Ruwan teku ba gishirin miya kaɗai ba ne, akwai kalsiyam da maganisiyam da sauransu, kuma da kalsiyam ɗin take gina ɓawonta. A yi odar gishirin tankin murjani tun kafin naka ya ƙare, ka san kaya daga Duwala ba sa zuwa a kwana biyu. Ga abin da masu kiwonta ke riƙewa: gishiri giram 35 a kowace lita, wato 1.025 zuwa 1.026 a na'urar awon gishirin ruwa. Kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita. Alkali, wato ƙarfin ruwan na kashe tsami, tsakanin 8 da 9 a ma'auninsa da ake kira dKH. Kanwar da Baba ya ambata tana ɗaga alkali da gaske, amma ta tafkin Chadi a gauraye take da ƙasa da wasu gishirai, ba ka san me ka zuba ba. Bikabonat na kanti, wanda ake sa wa a kek, ya fi tsabta, shi ma sai bayan ka auna, kuma kaɗan-kaɗan. Ruwan rijiyar burtsatse ko na famfo kada ya shiga sai ya bi ta matatar RO, wato na'urar da ke tace ruwa ta cire gishirai da dattin da suka narke a ciki. Duk maganin kifi mai tagulla a ciki guba ne gare ta.

Wani abu kuma, ƙanena. Duk dangin wannan kawa suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ba a tsallaka iyaka da su sai da izini. Babbar cikinsu, Tridacna gigas, wadda ke wuce mita ɗaya da kilo 200, an kwashe ta har ta ƙare a wurare da dama, a 2024 aka sa ta cikin halittun da ke dab da ɓacewa. Taka ba za ta kai haka ba, maxima da wuya ta wuce santimita 35. Amma takardar nan da ta zo da ita a adana ta. Ni a ra'ayina bai kamata a kawo irin wannan halitta garin da wuta ba ta tsayawa ba, sai dai tunda ta riga ta zo, haƙƙinta ya hau kanku.

Mai sayar da kifin ado, daga Ngaundere:
Kifin nan da ka kwatanta ya yi kama da wanda ake kira enjel, kuma yawancinsu suna tsattsagar naman kawa. Wataƙila shi ya sa take ƙin buɗewa. Ka koma nesa ka zauna shiru na minti ashirin, don in kana tsaye a gaban gilashi ba zai yi ba. In ka ga ya kai mata baki ko sau ɗaya, a raba su. Kafin ka samu inda za ka kai shi, kifa mata kwandon roba mai manyan ramuka wanda haske ke ratsawa.

Da dare kuma, bayan an kashe fitila, ka haska tocila a gindin ɓawon da cikin lunguna. Akwai wasu 'yan katantanwa farare, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, da rana suna ɓuya, da dare su hau su tsotse ta. In ka gan su ka goge da buroshin haƙori, har da wani abu mai yauƙi da ke manne, ƙwansu ke nan.

Batun wuta, rashin fitila na rabin yini ba zai kashe ta ba. Tsayawar ruwa cikin zafi ne ke kisa, don iska na ƙarewa. Famfon da ke juya ruwa ba ya cin wuta sosai, batir ɗaya na sola da ƙaramin inbata sun ishe shi da fanka. Wannan kam ko maigida ya ƙi komai kada ka bari ya ƙi shi.

Wata 'yar uwa, daga Njamena:
Tunda za ka bar murfi a buɗe, ka ja kunnen masu share falon. Ba fesa maganin sauro kusa da tankin, ba turaren feshi. In dole sai an fesa, a rufe shi da leda tukuna, a buɗe tagogi bayan an gama. Kai ma ka wanke hannu da ruwa zalla kafin ka tsoma, ban da sabulu ko man shafawa. Nan da wata guda ka ɗan leƙa gefen ɓawon, ƙarƙashin naman. In ka ga sabon fari tas ya fito a bakin, tana girma ke nan. In babu, ka auna kalsiyam da alkali ka turo mana lambobin, tare da hoton fitilar da ke kan tankin.