Tsohuwar Lee-Enfield ta 1943: in sauya mata bututu ko in bar mata nata?

Jikan Soja:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan tsofaffin bindigogin soja. Ina zaune a Alberta ta ƙasar Kanada, ina da lasisina, kuma kwanan baya na sayi Lee-Enfield No. 4 ƙirar masana'antar Long Branch da ke gefen Toronto, ta shekarar 1943. Ba don farauta na saye ta ba. Kakana, Allah ya jiƙansa, yana cikin mazan jiyan da suka je Boma da Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma Lee-Enfield suka riƙe a dajin Arakan. Shi ya sa nake jin ta a raina.

Ga matsalar. A filin gwajin harbi, a tazarar mita 100, harsasan warwatsewa suke yi, wasu ma a kwance suke huda takardar, sai ka ga ramin ya yi tsawo maimakon ya zama kewayayye. Da na haska cikin bututun duhu ne ƙirin, kuma tsaga biyu kacal na gani, wato layukan nan na cikin bututu da ke sa harsashi ya riƙa juyawa. Maƙerin bindigar da na kai wa ya ce sabon bututu da ladan aiki za su kusa kai kuɗin bindigar kanta. Kuɗin ba su ne damuwata ba. Lambar jikinta da ta sakatarta, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle, ɗaya ce, ba a taɓa yi mata dashe ba, kuma ba na son in zama wanda ya fara. Yaya kuka gani?

Tsohon Kurtu:
Wa alaikumus salam. Ɗana, dakata tukuna, kar ka taɓa bututun nan. Tsaga biyun da ka gani ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera ta. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Long Branch da Savage ta Amurka sun koma yin tsaga biyu a maimakon biyar don aiki ya yi sauri, kuma suna harbi lafiya lau.

Duhun kuwa yana da dalili. Harsasan soja na wancan zamani, ƙyastunsu yana barin wani gishiri a cikin bututu, gishirin ya jawo laima, tsatsa ta biyo baya. Shi ya sa soja ke ɗura tafasasshen ruwa ta ciki bayan harbi, sannan ya busar ya shafa mai. Wanda ya yi ganda, sai bindigarsa ta nuna. Ga kuma albarushin kodait mai zafin tsiya, wanda ke cinye maƙogwaron bututu, daidai inda harsashi ke fara kama tsaga. Amma sau da yawa rabin duhun nan dattin shekaru ne da jan ƙarfen da ya manne. Ka yi haƙuri ka wanke ta sosai da maganin cire jan ƙarfe, za ka ga bambanci.

Sai in tambaye ka, wane irin harsashi ka sa mata? In mai tsukakken gindi ne irin na zamani, to ga ɓarawonka nan. Bututun da maƙogwaronsa ya ci ba ya riƙe shi, shi ke sa ya tafi yana tangaɗi. Na sojan Ingila na ainihi, wato .303 samfurin Mark VII, gindinsa a shafe yake. Nemi mai shafaffen gindi na kamfani ka gwada. Na ga bindigogi da dama da aka yanke musu ƙauna suka dawo saiti da wannan kaɗai.

Kar ka manta da katako. Itacen da ya haura shekara 80 ya bushe ya ƙanƙance, in yana motsi a jikin ƙarfe ba saitin da zai zauna. Man linsid ake ba shi ya sha, ban da fenti, ban da goge shi da sanfefa.

Maharbin Manitoba:
Baba ya gama magana, abu biyu kawai zan ƙara, kuma su ne kan gaba domin na tsaron rai ne. Kafin ka sake harba ko ɗaya, ka sa maƙeri ya auna tazarar da ke tsakanin kan sakata da gindin harsashi. In ta wuce ƙa'ida kwanso na iya tsagewa. A No. 4 gyaran yakan zo da sauƙi, don kan sakatar ana kwance shi, kuma girma-girma ne daga lamba 0 zuwa 3. Sannan ka duba ƙarfe da katako ko'ina, in ka ga tambarin DP, to ta fareti ce kawai, ba a harba ta ko kusa.

Ni dai ina da ɗan bambancin ra'ayi da Baba. In duk an gwada ta ƙi, sauya bututu ba laifi ba ne, sojojin da kansu sun riƙa yi a ma'aikatunsu. Sai dai aikin ƙwararre ne mai kayan aunawa, ba na gareji ba. Ka karɓi tsohon ka adana.

Malam Na Kaduna:
Allah sarki, wannan ai ita ce Mak 4 da muka tashi muna gani a kafaɗar 'yan sanda. Ɗan'uwa, ka dai bar ta can inda lasisinka yake aiki. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ba ta wasa da irin waɗannan, ko da sunan kayan tarihi ne.

Jikan Soja:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, ka canka daidai, mai tsukakken gindi nake sa mata. Na duba ko'ina babu DP. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan mayar da ita wajen maƙerin ya auna tazarar, daga nan sai wanki. Malam, kwantar da hankalinka, ba inda za ta je. Baba, man linsid ɗin ɗanye ake sawa ko dafaffe? Duka biyun na gani a kanti.