Na bar soja, ina zan kai aikin saita na'urori?

Salam 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Na yi ritaya daga sojan sama, aikina saita na'urorin awo ne, multimita, gejin iskar taya, sifanar da ake ɗaure notin jirgi da ita daidai ƙima, mu gwada mu manna sitika. Yanzu duk kamfanin da na kai CV sai zancen ISO 17025, wato ƙa'idar duniya ta tantance ƙwarewar ɗakunan gwaji da saita na'urori, alhali ɗakin gwaji ake ba wa wannan shaidar ba mutum ba, takardun kwas ɗin bariki kuwa ko kallo ba su ishe su ba. To in yi kwas ɗin 17025 ne ko in nemi lasisin NCAA (hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya) in tsaya harkar jirgi? Giratuti sai zagwanyewa yake wallahi.