Tsohuwar Hilux ɗina tana zafi a gosulo

Mai akori-kura, Mile 12, Legas: Salamu alaikum 'yan uwa. Hilux ce mai injin dizal samfurin 3L, da ita nake jigilar tumatir zuwa Agege. A kan hanya lafiya lau, amma da na shiga gosulon Ikorodu Road sai allurar zafi ta haura. An wanke lagireto, babu canji. Ita ce abincina wallahi, me zan duba?

Bakanike, Idi-Araba: Wa alaikumus salam Alhaji. Tunda a gudu ba ta zafi, fanka nake zargi. In injin ya yi zafi ka kashe shi, ka juya fankar da hannu. In ta yi ta juyawa sakayau, kulocinta ya mutu, ba ya jan iska a tsaye. Ana samun na Belgium, wato na hannu, a kasuwar kayan mota ta Ladipo, amma ka tafi da naka a gwada. Ka duba fambel ma.

Direba, Apapa: Malam, da safe kafin ta ɗumi ka buɗe murfin lagireto, ka tayar. In kumfa na ta tasowa, gaskit ɗin kan injin ne ya lalace. Kada ka buɗe da zafi, ruwan yana ƙona fuska.

Mai akori-kura: Babu kumfa, alhamdulillahi. Fankar ce sakayau. Gobe sai Ladipo, Allah ya saka.