Jarumina ya mutu tun ba a fara wasan Traveller ba, haka dokar take?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu buga Traveller, wasan nan na zaman tebur da kowa ke ƙirƙirar jaruminsa a yi labarin sararin samaniya da dayis, ku fahimtar da ni. Mu huɗu ne muke haɗuwa duk Asabar bayan la'asar, wani abokinmu ya samo tsohon littafin nan na 1977 ya ce shi ne rafali mai jagorantar wasan. Jiya muka zauna haɗa jarumai, na jefa dayis biyu irin na ludo sau shida, ƙarfi 8, zafin nama 9, juriya 6, basira 10, ilimi 7, matsayi 5, ya ce in rubuta 896A75 wai A ɗin goma take nufi. Na shiga aikin sikawut, wato masu binciken sararin samaniya, don tuƙin jirgin sama jannati nake so, zango na farko lafiya lau, a na biyu na jefa 5 kawai sai ya miƙo hannu ya karɓe takardar ya ce ya mutu in sake sabo. Wallahi abin ya min ciwo don har suna na raɗa masa na tsara duniyar da ya fito. Shi ne bai gane littafin ba ko kuwa?

Tsohon_Bafatake:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Rafalinku bai yi kuskure ba, haka Marc Miller ya tsara abin tun fitowar farko a kamfanin GDW. Jarumi yana farawa da shekara 18, kowane zango shekara 4 ne, kuma kowane zango sai ka jefa dayis ɗin tsira. Matsalar ita ce aikin da ya fi kowanne kisa ka zaɓa. Sikawut sai ya samu 7 zuwa sama, dayis biyu kuwa hanya 36 suke faɗuwa, 21 ne kawai ke ba da 7 ko fiye, ka ga 15 ɗin da suka rage duk kabari ne, kuma kowane zango sai an sake. Da juriyarka ta kai 9 da an ƙara maka 2, kai kuma 6 gare ka.

Da ni ne da lambobin nan naka wajen fatake zan nufa ko nebi, wato rundunar jiragen yaƙi. Can 5 ake nema, mai basira 7 zuwa sama ana ƙara masa 2, wato kai sai ka jefa 2 cif za ka mutu, sau ɗaya cikin 36. Illar dai sikawut daga shiga ake ba shi tuƙi mataki na 1, bafatake kuwa sai dai ya dace da dayis a teburin ƙwarewa na littafin ko ya hau muƙami sosai. Ka riƙa duba lambobinka tukuna sannan ka zaɓi aiki.

Mai_Taurari:
Ni fa gaskiya ban yarda a yi wa sabon shiga haka ba. Mutum ya zo da ɗokinsa ranar farko a karɓe masa takarda, wani daga nan ba zai sake dawowa ba. Mu bugun kamfanin Mongoose muke amfani da shi, na farko ya fito 2008 na biyu 2016, a ciki in ka faɗi dayis ɗin tsira tsautsayi ne ke samunka, ko rauni ko a kore ka daga aiki ko ka yi abokin gaba, sai ka nemi wata sana'ar ka ci gaba. Abin da ya fi burge ni ma shi ne in wani abu ya faru da jarumata zan iya cewa jarumin wane yana wurin, sai mu biyun kowa ya samu ƙarin ƙwarewa kyauta. Tawa likita ce aka kora daga nebi, injiniyan ƙanwata shi ya ɓoye ta a jirgi, tun ba a fara wasa ba muna da tarihi tare.

Tsohon_Bafatake:
Hajiya maganarki na kan hanya, amma mutuwar nan tana da aikin da take yi. Kowane zango ƙwarewa ake ƙara maka da rabon sallama, wato abin da ake ba ka in ka bar aiki, in babu tsoro kowa zama zai yi yana tarawa. Ga tsufa kuma, daga shekara 34 ake fara jefa dayis a kan ƙarfi da zafin nama da juriya suna zaizayewa. Nawa na yanzu zango 7 ya yi, ya fita yana 46 da jirgin fatauci mai tan 200 da bashin shekara 40 a wuyansa, hannu ya fara rawa, kuma bashin nan shi ke sa mu ɗaukar kayan da bai kamata mu ɗauka ba. A zango na biyar sai da na riƙe dayis a hannu kusan minti biyu ina shawara da kaina.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai Yaya, na gode Hajiya. Na yi wa rafalin waya, mun daidaita a kan jarumin farko na kowa in ya faɗi rauni zai ji a sallame shi, daga na biyu kuma dokar littafi. Ya ce zai dawo min da takardar ran Asabar, ke nan ina da matuƙi ɗan ashirin da wani abu mai ɗingishi. Saura mu samu mai gyaran inji, don sauran biyun duk soja suka shiga.