Neman shawara: bayanai na zubewa tsakanin STM32 da kwamfuta ta FT232RL

Nura: Assalamu alaikum 'yan uwa, na rasa yadda zan yi. Allona na microcontroller STM32F103 yana karanta ADC (sashen da ke mayar da siginar lantarki lambobi) sau 100,000 a daƙiƙa, kowane karatu bayit 2, yana turawa kwamfuta ta FT232RL (guntun kamfanin FTDI mai haɗa serial da USB) a baud 921600, wato bit 921,600 a daƙiƙa. Na sauya kebul, na sake saka direba, na gwada Windows da Ubuntu, amma fiye da rabin bayanan ba sa isowa. Da pyserial, laburaren Python na serial, nake karɓa. Direban ne ke da matsala?

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam. Direba ba shi da laifi, lissafinka ne. A tsarin 8N1 (bit 1 na farawa, 8 na bayanai, 1 na tsayawa) kowane bayit yana cin bit 10, saboda haka 921600 bayit 92,160 kawai yake ɗauka a daƙiƙa, kai kuma 200,000 kake buƙata. Ka ɗaga zuwa baud 3,000,000, iyakar FT232R ke nan, zai ba ka 300,000. Ka tura da DMA (tura bayanai ba tare da CPU ba), ka haɗa RTS da CTS, layukan da ke dakatar da turawa idan mai karɓa ya cika.

Hauwa: Ka duba latency_timer ma, wato lokacin da guntun ke jira kafin ya tura fakitin da bai cika ba. FTDI na barin sa a milisakan 16, ka mayar da shi 1 a /sys/bus/usb-serial/devices/ttyUSB0. Kuma in read(1) kake kira a pyserial, wato bayit ɗaya-ɗaya, ka daina, ka riƙa kwasar duk bayit ɗin da in_waiting ya nuna suna jira lokaci guda.

Injiniya Bashir: Malama Hauwa, latency_timer na ƙananan saƙonni ne. Idan bayanai na kwarara ba tsayawa, fakitin bayit 64 na cika ya tafi tun kafin lokacin ya ƙare. Maganar read(1) kam gaskiya ce.

Auwal: Ni jabun FT232RL da suka cika kasuwa ne ke ƙona mini rai, rubutun kansu ma da yatsa yake gogewa. Ka bar shi, F103 na da USB nasa a ƙafafun PA11 da PA12. Da CDC (serial kai tsaye ta USB) baud ba ya taƙaita gudu ko kaɗan, za ka wuce 200,000 cikin sauƙi.

Nura: Na gode, amma an riga an buga allon, PA11 da PA12 ba su fito ba, RTS da CTS ma haka. Kuma tashar serial ta USART2 na ɗora, don USART1 na wani aikin.

Injiniya Bashir: Da wannan ya kamata ka fara! USART2 na kan agogon 36 MHz, iyakarsa 2,250,000, FT232R kuma ba ya karɓar komai tsakanin miliyan 2 da miliyan 3. Miliyan 2 ke nan, bayit 200,000 cif, babu rara. ADC ɗinka bit 12 ne, ka cusa karatu biyu cikin bayit 3, ka sauko 150,000.

Nura: Ranka ya daɗe, manhajar da ke karɓa bayit biyu-biyu take jira, ba na son taɓa ta. Ba wani saiti a direba da zai ƙara gudun?