Yaya ake gane zanen fentin mai na asali kafin a saya?

Bakano:
Assalamu alaikum. Ina neman zane biyu na fentin mai da zan rataya a falo, ɗaya na kayan gida kamar tulu da ƙwarya da lemu a kan faifai, ɗaya kuma na duwatsu da gonaki, domin ba na son rataya hoton mai rai a cikin gida. Na ga ana tallarsu a intanet da farashi mabambanta ƙwarai, kuma kowane mai sayarwa yana cewa aikin hannu ne. Ta yaya zan tabbatar?

Malamin Zane:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da ya fi yaudarar masu saye shi ne hoton da aka buga da inji a kan kanbas, wato ƙyalle mai kauri da ake zane a kai, sannan aka shafa masa wani ruwa mai kauri mara launi domin ya yi kama da sawun buroshi. Idan zanen yana gabanka, ka haska shi da tocila daga gefe. A aikin hannu, tudun fentin yana bin siffar abin da aka zana, wato inda haske ya sauka a bakin tulun za ka ga fenti ya taru a wurin, amma a na inji sawun buroshin yana ratsa komai ba tare da la'akari da hoton ba. Gilashin ƙara girma kuma zai nuna maka ƙananan ɗigo-ɗigo na tawada idan na inji ne. Idan daga nesa kake saye, ka nemi hoton bayan kanbas ɗin da na gefensa, da takardar da ke ɗauke da sunan mai zanen, da shekara, da girman aikin.

Hajiya Mai Gallery:
Ina ƙara da cewa sunan mai zane shi ke yanka farashi. Aikin Abiodun Olaku na Legas, wanda ya shahara wajen zana hasken almuru a kan ruwa, ba za a same shi da araha ba, saboda haka duk wanda ya tallata maka shi da kuɗi kaɗan, ka yi shakka. Mai matsakaicin ƙarfi gara ya leƙa baje kolin ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda zai yi magana da mai aikin kai tsaye.

Malamin Zane:
Gaskiya ne, Hajiya. Alhaji, ka kuma tambayi lokacin da aka gama aikin, domin fentin mai a hankali yake bushewa, kuma bisa al'ada akan jira wata 6 zuwa 12 kafin a shafa masa banish, wato ruwan da ake shafawa a saman zane domin kare shi. Idan naɗe shi za a yi a aiko maka, fuskar fentin ta kalli waje, in ba haka ba zai iya tsagewa. Kada ka rataye shi inda rana ke bugawa, kuma ƙurar hunturu a kakkaɓe ta da buroshi mai laushi, ba da jiƙaƙƙen tsumma ba.