Wai mine ne ainihin aikin meri (ma'aikatar magajin gari) a cikin garin Maradi?

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum jama'a. Ina da tebur a kasuwa, ina biyan tikiti, a gida kuma ga lampo, sai muna gardama da abokai a fada wani ya ce kuɗɗin nan na wuta da ruwa ne, wani ya ce a'a na shara ne kawai. Don Allah wanda ya sani shi faɗa mamu, wane aiki ne ke kan meri, wane ne ba nata ba? Kuma kanibon layinmu, wato magudanar ruwa, ya cika da yashi ga damana ta ƙarato, wa za mu gani?

Malam na Zariya:
Wa'alaikumus salam. Abokinka na farko bai da gaskiya, wutar gidanka NIGELEC ce, ruwan famfo kuma NDE wadda ta gaji SEEN, kowanne da faktir ɗinshi daban. Na meri shi ne kwasar shara, yasar kanibo, fitilun bakin hanya, kasuwanni da tasha, maƙabarta, yankan filaye da takardunsu, sai kuma abin da mutane ke mantawa da shi alhali ya fi komai, wato takardun haihuwa da aure da rasuwa. Maradi an raba ta arondisma 3, ta ɗaya da ta biyu da ta uku, ga kuma babbar meri ta gari a samansu. Tun Afrilun 2024 da anka rushe majalisun da anka zaɓa babu konseye, kantoma ne ke riƙe da gari, don haka maganar kanibonku ku bi ta hannun mai unguwa, ku rubuta takarda ku sa hannu ku da yawa ku kai arondisma ɗinku, ya fi mutum guda ya tafi shina faɗa a bakin ƙofa.

Hajiya Maman Biyu:
Malam ka taɓo inda ke mani ƙaiƙayi. Mata don Allah in kun haihu kar ku tsaya sai bayan suna da arba'in da wankan jego sannan a tuna da takarda, doka kwana 60 ta ba da a yi rijistar jariri kuma kyauta ne, tun daga matanite, wato asibitin haihuwa, ake fara rubutawa, in lokacin ya wuce to sai an bi ta wajen alƙali a yi jujuma da shaidu da zirga-zirga, galibi kuma ba a farga sai yaro ya kai ajin jarabawa malamai sun ce a kawo takarda, lokacin nan uban zai fara gudu sama da ƙasa yana neman wanda ya tuna shekarar da anka haifi ɗan nashi.

Ɗan Bagalam:
Hajiya Allah shi saka. Ban san kyauta ne ba wallahi.

Kabu-kabu Burja:
Ni dai kanibo zan yi magana, don mu muke bisa hanya dare da rana. Kowa na cewa meri meri, to wa ke juye bola cikin kanibo da dare? Leda, ƙashin awaki, tsohuwar katifa, har ɓaraguzan gini. Garin nan gangare ne zuwa Gulbi, ruwa in bai samu hanyarshi ba gidan mutane zai shiga, mun gani da idonmu a damanar 2024 yadda gidajen ƙasa sunka zube. Kwalta da pabe da anka yi lokacin Maradi Kwalliya a 2015 ma yashi ke cinye su in ba a sharewa. Ban ce hukuma ta zauna ba fa, ita ma motar shara ta riƙa zuwa a kan lokaci.

Malam na Zariya:
Haka ne. Ɗan Bagalam ku yi gayya ranar Lahadi ku fidda yashin, amma kafin nan ku nemi sashen tsabta su ba ku rana da mota, in ba haka ba tarin da kunka fidda ruwan farko zai mai da shi ciki. Tikitin kasuwa kuma ka riƙa amsar reshi kana ajiyewa.